Murɗin Bindigar Harlan

A duk yammacin jihar Dakota ta Kudu ba a taɓa yin maharbi kamar Harlan Bakke ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha faɗa, galibi a shagon Dorla, inda mazan garinmu ke zama da safe suna shan kofi suna jiran aikin da matansu suka sa su ya yi kansa. Abin da bai cika faɗa ba shi ne, masu kiwon shanun yankin nan sun bi ɗaya bayan ɗaya sun hana shi taka filayensu da bindiga. Wani saboda tankin ruwan shanunsa, wani saboda fitilar tarakta. Wani kuwa bai yi asarar komai ba, kunnuwansa ne suka gaji.

Fili ɗaya ya rage masa a duniya, na Lavonne Tvedt, yayar matarsa Verna. Tun da mijin Lavonne ya rasu ita kaɗai ke riƙe da garken, kuma shanun ba su ga bambanci ba. Ta ba Harlan makullin ƙofar filinta ne ba don ta yarda da harbinsa ba, sai don ƙanwarta ta riƙa samun yini guda babu shi a gida.

Filin nan kuregu sun mayar da shi birni. Irin namu ne, masu tsayawa da ƙafa biyu a bakin rami suna haushi kamar 'yan kwikwiyo, su aske ciyawa har ƙasa, su bar ramukan da ke karya ƙafar doki. Sun kuma san motar Harlan. Da sun hango ta sai su shige, ba don tsoro ba, don dai ƙarar tana hana su cin abinci.

Wata safiya Lavonne ta shigo shagon Dorla da taki a takalminta, ta tsaya a kan Harlan.

"Bara kuregu suna gindin tudu," ta ce. "Bana sun iso rafi. Jiya godiyata ta kusa karya ƙafa. Me kake harbi a filina, Harlan?"

"Tsofaffin nake ragewa, Lavonne. Dabara ce."

"To jikokinsu sun gode."

A ƙarshen tebur Gaylen Roth na zaune, dillalin shanu mai dariyar ƙeta, wanda tun suna 'yan makaranta ba sa ga maciji da Harlan. Ya juya cokali a kofinsa ya ce, "In makullin ya yi masa nauyi, Lavonne, ina da aljihu."

Harlan ya ji kamar an taɓa masa ido. Ya ture kofi gefe.

"Matsalar ɗaya ce, sun daina bari a matso su. To ni na daina matsowa. Daga yadi ɗari shida zan riƙa ɗauke su. Ka nuna mini kurege, ka faɗa mini kunnen da kake so, na dama ko na hagu."

"Ba na son kunne," in ji Lavonne. "Ranar da za mu yi wa maruƙa lamba da ƙarfe mai zafi kowa zai zo. In an gama cin abinci, ka kayar mini da guda ɗaya daga inda ka faɗa. Ɗaya tak. Ka kayar, makulli naka. Ka kasa, Gaylen ya tafi da shi."

Ta sayi burodi ta fita. Harlan kuwa ya zarce wurin Emmett Kolb maƙerin bindiga, tsohon da kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar harbi, ɗayan kuma yake nadamar rayuwa duk lokacin da Harlan ya shigo.

A cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe. Shi ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, juyin kuwa shi ke riƙe shi a miƙe. Da lamba ake kiran murɗin. Takwas na nufin harsashi ya gama juyi ɗaya cikin inci takwas, goma sha huɗu sai ya ci inci goma sha huɗu kafin ya zagayo. Ke nan ƙaramar lamba ita ce mai tsanani. A garinmu ko matar da ba ta taɓa riƙe bindiga ba ta san wannan, domin mazanmu ba su da wata hira.

Harlan ya dire bindigarsa a kan tebur, ya ajiye kwalin harsasai a gefenta, dogaye masu nauyi, masu tsini kamar allura.

"Sabon bututu nake so. Wanda zai kai waɗannan yadi ɗari shida."

Emmett ya ɗauki harsashi ɗaya ya duba. "Masu kyau ne. Ina da bututu biyu a ƙasa, mai takwas da mai goma sha huɗu. Waɗannan dogayen suna son..."

"Goma sha huɗu."

"Tsaya in gama. Dogon harsashi..."

"Emmett, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mutumin takwas?"

"Ba maganar kama ba ce."

"A wace makaranta takwas ta fi goma sha huɗu? Na san abin da kake yi. Babban kake ɓoye wa Gaylen."

Emmett ya juyo masa da mataccen kunnen. "Goma sha huɗu," ya ce. "Ka dawo ranar Talata."

Ranar da bindiga ta dawo, Harlan ya kafa kwali a jikin damin ciyawa a bayan gida, ya ja baya yadi ɗari kawai, don a fara da sauƙi. Ya ja kunamar bindiga sau da dama, ya taka ya je dubawa yana fito. Huji biyu ya samu, ɗaya a kusurwar sama, ɗaya a can ƙasa kusa da ciyawa. Kuma ba zagayayyu ba ne. Kowanne dogon tsagi ne, da kai da gindi, hoton harsashi sak a kwance, kamar an ɗora shi a kan kwalin an zana. Murɗin bai ishi harsashin ba, sai ya riƙa tungure a iska yana isa yadda ya ga dama.

Harlan ya sa yatsa a tsagin, ya jinjina kai. A ransa ya ce lallai ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba: harsashin da ke shiga a kwance ai kurege biyu zai yanka lokaci ɗaya.

Yana cikin wannan lissafi Verna ta zagayo daga wajen igiyar shanya, riƙe da zanin gadon da ta samu ranar aurenta. Ta ɗaga shi, ta leƙo shi ta cikin tsagin.

"Harlan, igiyar nan tana can gefe. Ba ma a gabanka take ba."

"Iska ce, Verna."

"Iskar da ba ta motsa zanin ba?"

Da yamma matan coci suna da zaman ɗinki, Verna ta tafi da zanin neman shawarar yadda za a yi masa faci. Kafin gari ya waye babu gidan da bai san girman tsagin ba.

"Ga maharbi nan," in ji Gaylen da safe. "An ce ka kayar da zanin gado. Yana tsaye ne, ko da gudu ka same shi?"

"Gwaji nake yi."

"Matashin kai dai ya tsira, ko?"

Dorla ta zo tana ƙara masa kofi. "Harlan, ƙaramar lamba ce mai tsanani. Takwas ta fi goma sha huɗu murɗi. Shekara da shekaru kuna faɗar wannan a kan teburin nan, kai ne kaɗai ba ka ji ba, saboda lokacin kana magana."

Kunnuwan Harlan suka yi ja. Ya kurɓi kofi mai zafi ya haɗiye da ƙyar.

"Na sani mana. Emmett nake gwadawa, in ga ko zai faɗa mini gaskiya. Kun dai ga bai faɗa ba."

A hanyar fita ya yi tunani, abin da ba ya yawan yi, kuma da an tambaye ni da na ce ya bari. Masu laifi biyu ya gani, bututu da harsashi. Mai hankali zai canja ɗaya ya ga abin da zai faru. Harlan ba ya yin abu rabi-rabi. Ya tare Gaylen a bakin mota da kwalin dogayen harsasan a hannu, fuskarsa cike da kirki.

"Gaylen, duk da halinka, tare muka tashi. Ga waɗannan, sai gwani. Ka ba ni ƙananan nan da na gani a motarka, mu yi musaya."

"Ba su ne masu tafiya a kaikaice kamar kaguwa ba?"

"A hannun wanda bai iya ba."

"A hannunka dai suka yi."

"Za ka karɓa ko in kai wa wani?"

Gaylen ya sosa ƙeya, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ake cuta yana gani. Bindigarsa iri ɗaya ce da ta Harlan, sai dai bututunta mai takwas ne, kuma ya daɗe yana neman irin waɗannan harsasan bai samu ba. Ya miƙa wa Harlan kwalin ƙananan, gajeru marasa nauyi, masu fata siririya kamar ta albasa, waɗanda aka yi don su fashe da zarar sun taɓa abu. A bututu mai goma sha huɗu, irin wanda ke jikin bindigar Harlan a wannan lokacin, babu abin da ya fi su tafiya daidai. Harlan ya karɓa, ya tuƙa mota yana dariya shi kaɗai, kai tsaye zuwa wurin Emmett don a cire bututun.

"Mafi ƙanƙantar lamba," ya ce.

"Sai an aiko da mai bakwai daga birni."

"Babu shida?"

"Babu. Dogayen nan za su ji daɗin bakwai."

Harlan ya yi murmushi. Wancan karon ya buɗe wa Emmett cikinsa an bar shi ya sha kunya, wannan karon sirrinsa nasa ne. Ya koma gida ya shige rumfar mota, ya riƙa ɗura albarushi a kwanson harsashi har wuya, yana dasa ƙananan harsasan a kai. In ana son abu ya yi nisa, a ganinsa, sai a ba shi gudu, in ana son gudu kuwa sai a ƙara wuta.

Bututun bai iso ba sai jajibirin ranar lamba. Harlan ya ɗauki kwali zai zagaya bayan gida, ya tarar da Verna tsaye a ƙofa.

"Na yi wanki," ta ce.

Haka ya tafi bai gwada ba.

Ranar lamba kowa ya zo, kamar yadda aka saba. Tun safe ake kayar da maruƙa, ana dafa musu ƙarfe mai zafi a cinya, ana fiɗiye na fiɗiya, warin ƙonannen gashi ya cika wurin. Harlan bai taɓa maraƙi ko ɗaya ba, ya ce yana adana hannunsa. Amma da aka sauke nama da wake da soyayyen gwaiwan maruƙa, hannun ya samu sauƙi.

Da aka ci aka ƙoshi, sai aka ɗunguma zuwa kan tudu, aka jera motoci, mutane suka zauna a bayansu da kofi a hannu. Harlan ya kafa tebur, ya jera jakunkunan yashi, ya soke sanda mai ƙyalle don auna iska, ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya bi ta da kallo. Can ƙasa kusa da rafi, wani ƙaton kurege na tsaye a bakin raminsa, tumbinsa a gaba.

"Wancan mai tumbin," in ji Lavonne, madubin hangen nesa a idonta. "Da ciyawata ya yi shi."

"Ku yi masa ban kwana," in ji Harlan.

Ya kwantar da kunci, ya ja numfashi, ya ja kunama. Bindiga ta yi ƙara kamar an tsaga sama. Can gaba kaɗan, bai fi jifan dutse ba, wani ɗan hayaƙi mai ruwan toka ya bayyana a iska, ya tsaya jim, ya watse.

Harlan ya ɗago. "Ya tafi. Ko gashinsa ba za ku samu ba."

"Yana susa," in ji Lavonne.

"Wani ne. Ƙaninsa ne ya fito."

"To ƙanin ma da tumbi."

Ya sake harbawa. Hayaƙin ya sake fitowa a wuri ɗaya, kamar wani na zaune a iska yana shan taba. Ya sake. Kuregen ya sauke ƙafafunsa, ya tsinki ciyawa, ya koma ya tsaya yana tauna.

"Ba ku gane ba," in ji Harlan, gumi na bin wuyansa. "Gudun ya yi yawa. Ya ratsa shi ya wuce bai sani ba tukuna. Ku ba shi lokaci, zai faɗi."

Aka ba shi lokaci. Mutum sama da talatin suka yi shiru suna jiran kurege ya samu labarin mutuwarsa. Dorla ta zagaya da butar kofi. Kuregen ya gama cin wannan ciyawar, ya matsa ya kama wata. Daga ramukan gefe wasu suka fara fitowa, uwaye da 'ya'ya, suka jera suna kallon tudu.

"Sun zo gaisuwar mutuwa," in ji Gaylen.

"A'a, kallo suka zo," in ji Verna. "Ba kullum ake musu wasan wuta kyauta ba."

Emmett ya sauko daga bayan motarsa, ya ɗauki harsashi ɗaya daga teburin Harlan, ya kai shi kusa da ido.

"Ina dogayen?"

"Na rabu da su."

"Ka sa na cire maka bututun da ke son waɗannan, na ɗaura maka wanda ke son waɗancan, sannan ka rabu da waɗancan."

"Dabara ce."

"Harlan, wannan fatarsa ba ta ɗaukar murɗin bakwai, balle da wutar da ka ɗura masa. Juyin ne ke yayyaga shi a hanya. Hayaƙin can da kake gani, harsashinka ne. Babu abin da ke isa rafi sai ƙara."

Dariya ta fara daga motar ƙarshe ta biyo layi. Gaylen ya ɗauko tasa bindigar ba tare da gaggawa ba, ya ɗora ta a kan murfin mota, ya naɗe rigarsa ya tallafe ta da ita. Ya sa harsashi dogo mai tsini, ya auna wani kurege a gefen hagu, ya harba. Ƙura ta tashi a bakin ramin, kuregen ya kife.

"Ya faɗi," in ji Lavonne.

"Harsashin Harlan ne," in ji Gaylen. "A ba shi rabin ladan."

Da ƙurar ta lafa, mai tumbin ya sake leƙowa, ya fito ya tsaya inda yake. Verna ta dubi yayarta. Lavonne ta karanta abin da ke fuskar ƙanwarta: kwana bakwai a mako da Harlan a gida, har ƙarshen rayuwa. Lavonne mace ce mai tauri, amma ƙanwa ƙanwa ce.

"Gaylen, ba shi ɗaya daga cikin dogayen."

Dariyar Gaylen ta ɗauke. "Lavonne, ba haka aka yi ba."

"Filin wa?"

Gaylen ya zaro harsashi ɗaya ya ajiye a teburin kamar ana cire masa haƙori. Emmett ya duba shi ya gyaɗa kai.

"Zai shiga bindigarka, kuma a wannan bututun zai tafi a miƙe kamar zare. Ga iska ta kwanta. Ko kai za ka iya dacewa."

"Harbi ɗaya," in ji Lavonne. "Ka same shi, ka riƙe makulli."

Harlan ya dubi harsashin. Ya dubi Gaylen, ya ga ransa a ɓace, ya ce a zuciyarsa lallai mutumin nan ya iya wasan kwaikwayo. Ya dubi Emmett, wanda sau biyu ke nan yana barinsa ya faɗa rami. Sai komai ya fito masa fili, har ya ji tausayin yadda suka raina wayonsa.

"Kun haɗa baki," ya ce, yana murmushi. "Da idona na ga abin da harsashin nan ya yi wa zanin gado. So kuke in harba ya juya ya sami motar wani, ku samu na faɗa har Kirsimeti."

"Harlan," in ji Verna a hankali, "ɗauki harsashin."

"Verna, ki bar maza su yi aikinsu."

Ya sa ɗan yatsa ya ture dogon harsashin har ya faɗo daga tebur. Ya zaɓi ɗaya daga cikin ƙananan, wanda ya fi cika da albarushi, ya goge shi a riga, ya sa. Ya daɗe yana auna. Ya ja kunama.

Wannan karon hayaƙin ya fi kusa, ya fi kyau, har da ɗan shuɗi-shuɗi a gefensa. Mai tumbin bai ko ɗago kai ba.

Lavonne ta miƙa hannu, tafin a sama. Harlan ya fara bayani a kan zafin rana da yadda yake sassauta iska, hannun bai motsa ba. Ya koma kan Emmett da bututun birni, hannun na nan. A ƙarshe ya kwance makullin daga ɗamararsa ya ajiye mata. Ko dubansa ba ta yi ba ta cilla wa Gaylen, ta juya ta ce wa jama'a akwai sauran maruƙa a garke.

Verna ce ta tuƙa su zuwa gida. Harlan na gefe rungume da bindiga, shiru, abin da ba ta taɓa ji daga gare shi ba tun da aka ɗaura musu aure. Shirun bai kai bakin fili ba.

"Kin dai gani da idonki," ya ce. "A duk wurin nan babu wanda harsashinsa ya kai nawa gudu."

"Na gani. Ya yi gudu har ya bar kansa a hanya."

Ta taka birki a bakin shinge, ta zuba ido gaba.

"Sauka ka buɗe mana, Harlan. In mun wuce ka rufe wa Gaylen ƙofarsa da kyau."